Kwafi ko Kwatance: Abin da Alamar = Ke Yi wa Struct

Duk wanda ya fara koyon haɗa wasan kwamfuta da Unity, manhajar gina wasanni da ake rubuta wa umarni da harshen C#, ba ya daɗewa kafin ya ci karo da wani layi guda da ke ƙin tafiya. Yana so ya matsar da ɗan wasansa zuwa dama, sai ya rubuta abin da hankali ya ba shi:

transform.position.x = 5;

Kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun mutum zuwa abin da inji ke ganewa, sai ta ce atafau. Ta jefo masa kuskure mai lamba CS1612, wai ba za a iya sauya wannan abu ba domin ba mazubi ba ne. Mai koyo ya duba layin sama da ƙasa, babu harafin da ya ɓata, babu alamar da ta faɗi. Yawanci sai ya nemo layuka uku da wani ya rubuta a intanet, ya liƙa, abu ya yi aiki, ya wuce. Wannan wucewar ce ke damuna, domin a cikin wannan ɗan kuskure akwai ɗaya daga cikin muhimman darussan harshen C#, kuma wanda ya tsallake shi zai sake haɗuwa da shi a wurin da kwamfaila ba za ta yi masa gargaɗi ba.

Bari mu fara da abin da alamar = ke yi. A cikin manhaja akwai mazubai, wato wurare masu suna a ma'adanar kwamfuta inda ake ajiye bayani. Idan ka rubuta b = a, abu ɗaya ne ke faruwa kullum: a kwafe abin da ke cikin mazubin a, a zuba a mazubin b. Wannan doka ba ta sauyawa. Abin da ke sauyawa shi ne mene ne a cikin mazubin tun farko.

A ce muna da wani tsari mai suna Maki, mai ɗauke da lambobi biyu, X da Y. Idan da kalmar struct aka gina shi, lambobin biyu kansu ne ke zaune a cikin mazubin. Idan kuma da kalmar class aka gina shi, abin da ke cikin mazubin adireshi ne kawai, kwatancen wani wuri daban inda lambobin suke. To, duba waɗannan layuka:

Maki a = new Maki(1, 2);
Maki b = a;
b.X = 99;

Idan Maki struct ne, a.X yana nan yadda yake, 1, domin b ya samu nasa lambobin ne, ya sauya nasa. Idan class ne, a.X ya koma 99, domin adireshi aka kwafe, kuma mutum biyu masu riƙe da kwatancen gida ɗaya, in ɗaya ya je ya sauya fentin ƙofa, ɗayan ma sabon fenti zai tarar. Na farko shi ake kira nau'in ƙima, na biyu nau'in nuni. Haka abin yake idan ka miƙa Maki ga wani aiki, wato gungun umarni mai suna da ake kira, domin ya sarrafa shi: struct kwafinsa ke tafiya, duk abin da aikin ya yi a can, a can ya ƙare, sai fa idan ka sa kalmar ref, wadda ke nufin ka yarda a taɓa naka na asali.

Me ya sa harshe guda zai ɗauki hanyoyi biyu? Domin abubuwan da muke kwaikwayo a cikin manhaja su ma iri biyu ne. Idan maƙwabciya ta ranci mudun gero, ranar biya ba wanda zai tambaye ta ko waɗannan ne ainihin ƙwayoyin da ta karɓa. Mudu mudu ne. Amma idan maƙwabci ya ari kekenka, ya dawo maka da wani keke mai launi ɗaya da kamfani ɗaya, za ka ce masa ba naka ba ne, kuma kana da gaskiya. Gero adadi ne, keke kuwa yana da nasa kai, yana da tarihi, ana iya nuna shi a ce wancan. Lamba 5 irin gero ce: babu 5 ta Audu da 5 ta Binta. Haka kwanan wata, haka launi, haka wuri a kan taswira, haka adadin kuɗi. Asusun banki kuwa irin keke ne. Asusu biyu na iya ɗauke da kuɗi daidai wa daida, amma ba su zama asusu ɗaya ba, kuma idan aka cire kuɗi a asusu, dole kowane sashe na manhajar da ke riƙe da shi ya ga ragin nan take. Ka yi tunanin abin da zai faru idan aka gina asusu a matsayin struct: sashen cire kuɗi ya karɓi kwafi, ya rage kuɗin a kwafin, ya jefar da shi, asusun asali bai san an yi ba.

A ganina wannan ita ce tambayar da ya kamata mai rubuta manhaja ya fara yi kafin ya zaɓi struct ko class: idan na samu biyu masu kama da juna a komai, abu ɗaya ne ko abubuwa biyu? Waɗanda suka gina .NET, dandalin Microsoft da manhajojin C# ke gudana a kai, haka suka bi. Shi kansa int, nau'in cikakkiyar lamba, struct ne mai suna System.Int32. DateTime struct ne, haka decimal da ake lissafin kuɗi da shi, haka Guid, doguwar lambar shaida.

Magabatan wannan fanni sun ga bambancin tun da wuri. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, waɗanda suka ƙirƙiro Simula 67 a birnin Oslo na ƙasar Norwe, harshen da ya fara kawo class da gadon class, wato sabon class ya ɗauki kayan wani ya ƙara nasa, sun ware alamomi biyu dabam: := domin zuba ƙima, :- domin zuba nuni. Mai karatu yana kallon layi ya san wanne ake yi. Harsunan da suka biyo baya suka haɗe su a alama ɗaya, rubutu ya yi sauƙi, amma nauyin tunawa ya koma kan mutum. A C#, wanda Anders Hejlsberg ya jagoranci tsara shi a Microsoft kuma ya fito tare da .NET a 2002, ba za ka iya sanin ma'anar b = a ba sai ka je ka duba yadda aka gina nau'in, wataƙila a wani fayil da ba kai ka rubuta ba.

Yanzu mu koma kan layin Unity. Wannan position da ake gani kamar mazubi ne, alhali ƙofa ce: duk lokacin da ka karanta shi, wani ɗan aiki ne ke gudana a ɓoye ya miƙo maka amsa. Amsar kuma Vector3 ce, struct mai lambobi uku, bayit 12 (bayit shi ne ma'aunin girman bayani a ma'adana). Tunda struct ne, kwafi aka miƙo maka. Da kwamfaila ta bar layin ya wuce, da an sa 5 a cikin kwafin da ba shi da suna, a jefar da shi a daƙiƙar nan, ɗan wasa ya tsaya inda yake, kai kuma ka kwana kana neman dalili. Ƙin da ta yi taimako ne. Layuka ukun da ake liƙawa kuwa suna yin abin da ya dace ne a fili:

Vector3 p = transform.position;
p.x = 5;
transform.position = p;

Karɓi kwafi, gyara shi, mayar da shi ta ƙofar da ya fito.

Irin wannan abu yana fitowa a wani wuri da ya fi rikitarwa. Idan ka zuba Maki a cikin jeri na asali, wato Maki[], layin jeri[0].X = 5 yana aiki lafiya, domin jeri[0] ainihin gurbin ne a ma'adana. Idan ka mayar da jerin ya zama List, wato jeri mai iya ƙaruwa, layin da bai sauya ko da harafi ɗaya ba sai ya haifar da CS1612, domin List ta ƙofa take miƙo abin da ke cikinta. A ido rubutu iri ɗaya ne, a ƙarƙashi ɗaya wuri ne, ɗayan kwafi.

Waɗannan duk da sauƙi, tunda ana yi maka magana. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ke faruwa shiru. A ce ka gina struct mai ƙirga abu, mai wani aiki Kara() da ke ƙara ɗaya a kan lambar da ke cikinsa. Sai ka ajiye shi a cikin wani class da alamar readonly, domin kada wani ya musanya shi. Ka kira Kara() sau goma, ka duba lambar, ka tarar da sifili. Abin da ya faru shi ne kwamfaila ta yi alkawarin cewa abin da aka sa wa readonly ba zai sauya ba, kuma ba ta da tabbacin Kara() ba zai sauya shi ba, don haka kowane kira sai ta yi kwafi a ɓoye, ta gudanar da aikin a kan kwafin. Babu kuskure, manhaja tana tafiya, amsa ce kawai ba daidai ba. A nan ne na tsaya tsayin daka kan ra'ayin da masana da yawa suka daɗe suna faɗa: struct da ake iya sauya cikinsa bayan an gina shi tarko ne. Ka lura da yadda DateTime yake. Idan ka kira AddDays(1), ranar da ke hannunka ba ta motsawa, sabuwa ake ba ka. Haka ƙima take a hankalce ma: idan ka ƙara ɗaya a kan biyar, biyar ba ta rikiɗa ba, shida ka samu. Microsoft ta ƙarfafa wannan hanya a 2017 da C# 7.2, inda ta kawo readonly struct. Wanda ya gina nau'insa haka, kwamfaila za ta hana shi rubuta aikin da ke sauya ciki, ita kuma ta daina yin kwafin ɓoye tunda ta samu tabbaci. Na san Vector3 na Unity ana iya sauya cikinsa, kuma masu wasanni suna da hujjarsu ta neman sauri, amma kuɗin wannan zaɓi shi ne dubban masu koyo da ke tuntuɓe da layin da muka fara da shi.

Akwai wata amsa da ake haddacewa domin jarrabawa da ganawar neman aiki: wai struct yana zaune a sitak, class kuma a hif. Sitak wuri ne da ake jibga bayanan aikin da ke gudana kamar faranti kan faranti, aiki na ƙarewa a kwashe nasa. Hif kuwa fili ne mai faɗi inda abubuwa ke zama har sai mai kwashe shara na .NET, sashen da ke share abin da aka daina amfani da shi, ya ga babu mai nuna su. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabi ce. Struct yana zama ne a duk inda mazubinsa yake. Idan yana cikin class, a hif yake tare da class ɗin. Idan yana cikin jeri, a hif yake, domin jeri kansa nau'in nuni ne. Wani lokaci ma bai taɓa sitak ba, a cikin rajista, ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin injin kansa, ya rayu ya mutu. Eric Lippert, wanda ya yi shekaru yana aiki kan kwamfailar C#, ya yi ta nanata cewa maganar sitak dabarar aiwatarwa ce kawai, ma'anar nau'in ƙima tana ga yadda ake kwafe shi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Haddar sitak da hif ba za ta warware maka ko ɗaya daga cikin matsalolin da na lissafa a sama ba, amma tambayar ina aka yi kwafi za ta warware su duka.

Wannan ba ya nufin tsarin ma'adana ba shi da muhimmanci. Lissafin ma yana da daɗin yi. A kwamfuta mai bit 64, kowane abu da aka gina daga class a .NET yana ɗauke da ƙarin bayit 16 na bayanan gudanarwa. Makinmu mai lambobi biyu bayit 8 ne. A matsayin class ya zama 24, ga kuma 8 na adireshin da ke nuna shi, jimilla 32. Jerin Maki miliyan ɗaya zai ci bayit miliyan 8 idan struct ne, miliyan 32 idan class ne, kuma mai kwashe shara zai samu abubuwa miliyan ɗaya da zai riƙa bi, maimakon jeri guda. Ga wani abin da ya fi wannan: injin kwamfuta ba ya ɗebo bayani ɗaya-ɗaya daga ma'adana, yawanci bayit 64 yake kamfatowa a lokaci guda. A jerin struct, kamfata ɗaya ta kawo Maki takwas a jere. A jerin class, adireshi takwas ta kawo, kowanne sai an bi shi zuwa inda yake. Shi ya sa masu wasanni da masu lissafin kimiyya ke ƙaunar struct.

Sai dai kwafi ba kyauta ba ne. Struct mai bayit 200, duk miƙawa sai an kwashi 200, alhali adireshi 8 ne kacal. Shawarar Microsoft ta daɗe tana cewa a yi struct ne idan abin yana wakiltar ƙima guda, bai kai bayit 16 ba, ba ya sauyawa, kuma ba za a riƙa sa shi a akwati ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana buƙatar bayani. Idan ka zuba struct a mazubin object, mai karɓar kowane nau'i, ko a mazubin wani interface, mai karɓar duk nau'in da ya iya wasu ayyuka da aka lissafa, mazubin adireshi kawai ya iya riƙewa. Don haka .NET sai ta gina akwati a hif, ta kwafe ƙimar a ciki, ta ba ka adireshin akwatin. Daga nan akwatin da na asali sun rabu, sauya ɗaya ba ya taɓa ɗayan. Kafin 2005, duk lambar da aka jefa a ArrayList sai da aka yi mata akwati. Zuwan C# 2.0 a shekarar, da irin su List<int>, shi ya kawar da wannan asara.

Gado kuma, wanda shi ne abin alfaharin salon rubuta manhaja da class, struct na C# ba ya yin sa. Dalilin yana cikin abin da muka riga muka faɗa. Mazubin struct an yanka shi ne daidai girman nau'in. Idan ɗa ya gaji uba ya ƙara nasa kayan, ba zai shiga mazubin uban ba. C++ na Bjarne Stroustrup ya yarda a yi hakan, kuma sakamakon sananne ne a wurin masu harshen: idan ka zuba ɗa a mazubin uba, ana yanke duk abin da ɗan ya ƙara, a bar ɓangaren uban kawai. A can, struct da class kusan abu ɗaya ne, bambancinsu shi ne na farko a buɗe yake ga kowa sai an rufe, na biyu a rufe sai an buɗe, kuma dukansu kwafi ake yi. Wanda ya taso daga C++ zuwa C# da wannan fahimta sai ya sake koyo.

Tarko biyu suka rage da ba zan bari ba. Na farko, kwafin struct bai wuce fatar sama ba. Idan a cikinsa akwai List, abin da aka kwafe adireshin List ɗin ne, kwafi biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya. Na biyu, struct ba ya zama babu, wato null, mazubin da ba ya nuna komai. Idan ka gina jerin DateTime guda goma ba ka zuba komai ba, kowane gurbi sifili ne zalla, wanda DateTime ke karantawa a matsayin 1 ga Janairu na shekara ta 1. Duk wanda ya taɓa ganin wannan kwanan wata a rahoto ko a rasit, ga asalinsa. Saboda haka mai tsara struct dole ya tambayi kansa ko sifili zalla yana da ma'ana a nau'insa. Struct na kuɗi mai adadi da sunan kuɗin ƙasa, idan ya fito da sifili, adadinsa sifili ne na kuɗin da ba shi da suna, kuma babu ginin da za ka rubuta da zai hana hakan faruwa a cikin sabon jeri.

Harshen Swift, wanda Apple ta bayyana a 2014 bayan Chris Lattner ya fara aikinsa, ya ɗauki wannan tunani ya kai shi inda C# bai kai ba. A can Array da String da Dictionary duk struct ne. Idan ka miƙa wa wani aiki jerinka, ka kwanta da hankalinka, ba zai sauya maka shi ta bayan gida ba. Kada kuma a ce za a riƙa kwafe jeri mai abu miliyan a kowace miƙawa: kwafin biyu suna raba ma'ajiya ɗaya a ɓoye har sai ɗayansu ya tashi yin rubutu, sannan ne ake raba musu gari. Swift ya kuma toshe ramin da na ce yana ba ni tsoro. Duk aikin da zai sauya cikin struct dole a rubuta masa mutating, kuma idan ka kira shi a kan abin da ka ajiye da let, kalmar da ke hana sauyi, kwamfaila za ta tsayar da kai a wurin, maimakon ta yi kwafi shiru. A wannan gaɓa Swift ya fi C# gaskiya da mai rubutu.

Java, wanda Sun Microsystems ta fitar a 1995, ya bi ta ɗaya gefen. Yana da nau'ukan ƙima takwas na asali, irin su int da double, duk sauran abubuwa nuni ne, kuma ba a ba mai rubutu damar gina nasa ba. Illar ba kowane abu nasa kai, har da wanda ba ya buƙata, tana bayyana a wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi. Ka zuba 127 a mazubai biyu na Integer, ka gwada su da ==, za ka samu gaskiya. Ka mayar da su 128, za ka samu ƙarya. Alamar tana gwada adireshi ne, kuma Java tana ajiye akwatunan lambobi daga -128 zuwa 127 tana maimaita amfani da su, daga nan sama kuwa kowace lamba sabon akwati ake yi mata. Wato an mayar da mudun gero keke. Tun 2014 aka buɗe wani aiki mai suna Valhalla ƙarƙashin jagorancin Brian Goetz domin kawo wa Java nau'ukan ƙima da mutum zai gina da kansa, kuma aikin ya haura shekara 10, domin akwai tarin manhajojin da aka rubuta bisa zaton cewa kowane abu yana da adireshinsa, yana iya zama babu, ana iya kulle shi a jira, kuma duk waɗannan manhajoji dole su ci gaba da aiki ranar da sabon tsarin ya iso.